Istanbul ko Maroko: Ina Ya Dace Mu Kai Hajiya a Kakar Bana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina muna shirin tafiya hutu ƙasar waje a ƙarshen watan Oktoba, kuma za mu tafi da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 65, ga ta da ciwon gwiwa da ke hana ta doguwar tafiya a ƙasa. Kwana 8 kacal na samu a wurin aiki. Mai ɗakina ta fi son Maroko, domin hotunan Marakesh da na kwana a hamada sun tafi da ita, ni kuwa hankalina ya fi karkata ga Istanbul. Kuɗin da kamfanin shirya tafiye-tafiye ya yanka mana na wuraren biyu kusan ɗaya ne. Hajiya ta ce duk inda muka zaɓa ya yi mata. Wanne ya fi dacewa da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Idan uwa ta ce duk inda aka zaɓa ya yi mata, sau da yawa kawaici ne, ba ta son a ce saboda ita aka fasa abin da wani ke so. Ku ne za ku duba mata, kuma a tafiyar nan gwiwarta ce za ta yanke hukunci, ba hotunan da kuka gani ba.

Ka lura cewa abubuwan da kuka ɗora a ma'auni ba jinsi ɗaya ba ne. Istanbul birni ne guda, inda mutum zai kwance jakarsa sau ɗaya ya zauna har ranar komawa, amma Marokon da mai ɗakinka ta gani a hoto hanya ce mai tsawo da ake bi zango-zango. Tuddan yashin da ake ɗaukar waɗannan hotuna suna Marzuga, can kusa da iyakar Aljeriya, fiye da kilomita 500 daga Marakesh, kuma mota na cin awa 9 zuwa 10 kafin ta isa, bayan ta haura tsaunukan Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260, inda titin ke ta murɗewa kamar maciji. Saboda haka ne masu shirya wannan tafiya suke raba ta kwana 3, zuwa da dawowa. A cikin kwananku 8, biyu na jirgi ne, saura 6, ke nan rabin hutun zai ƙare Hajiya tana naɗe a kujerar mota, sannan a ƙarshen hanya a durƙusar mata da raƙumi a ce ta hau. Idan kuma kuka ce za ku haɗa da Fas, jirgin ƙasa daga Marakesh ya fi awa 6. Jirgin nan mai gudun gaske da ake kira Al-Buraƙ, wanda ya fara aiki a 2018, layinsa na Tanja zuwa Kasablanka ne, bai haɗa Marakesh da Fas ba.

Istanbul kuwa ta tara manyan abubuwan kallonta a wuri ɗaya, kamar don masu ƙarancin lokaci aka yi. Ayasofiya, wadda aka kammala gininta a matsayin coci a shekara ta 537, ta zama masallaci bayan Sarkin Musulmi Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, sannan ta koma masallaci a 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6. Tsakaninsu fili ne shimfiɗaɗɗe mai kujerun hutawa, wanda dattijuwa za ta iya ratsawa a hankali, ta zauna sau biyu ko uku in ta so. Fadar Tofkafi, inda aka adana kayayyakin da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, tana bayan Ayasofiya kaɗan, kuma ƙaramin jirgin ƙasa na kan titi yana tsayawa a bakin unguwar. Ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari, wanda ya sauki Annabi a gidansa a Madina, ba ta buƙatar kwana a hanya, domin unguwar Ayyub tana cikin birnin, kuma har da jirgin ruwa ana zuwa.

Hawan jirgin ruwan birnin shi ne abin da na fi so mata. Mutum zai shiga a tashar Eminonu ya samu kujera kusa da taga, mai shayi ya zagayo da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu a kan faranti, tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafe gutsuren burodin da yara ke jefa musu, kafin shayin ya huce an tsallaka daga ɓangaren birnin na Turai zuwa na Asiya. Hasumiyoyin tsohon birnin duka suna wucewa a gaban idonta ba tare da ta taka ƙasa ba, kuma da katin sufuri na Istanbulkart ake biya, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Sai dai kada in yi maka tallar Istanbul in ɓoye aibinta. Birni ne na tuddai, titunan tsohon gari na duwatsu ne masu santsi idan ruwa ya taɓa su, Masallacin Sulaimaniyya da shahararren magini Mimar Sinan ya gina a kan tudu yake, hawan zuwa hasumiyar Galata kuwa ko mai lafiya sai ya yi haki. A Ayasofiya ma, tun daga Janairun 2024 masu zuwa kallo kuɗi suke biya, kuma benen sama ake kai su, abin da ba zai yi wa mai ciwon gwiwa daɗi ba. Na taɓa kama ɗaki a wani otal da ya rubuta cewa minti 5 ne tsakaninsa da filin nan na gaban Ayasofiya, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai minti 5 ɗin na gangarowa ne, komawar kuwa hawa ce da sai da na tsaya sau biyu ina dafa bango. Kafin ka biya, ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su abu uku a fili: ko akwai lif har zuwa benen da za a ba ku, ko mota na iya tsayawa a ƙofarsu, da kuma ko hanyar zuwa tashar jirgin kan titi shimfiɗe take.

Ta fuskar yanayi, gaskiya tana wajen mai ɗakinka. A ƙarshen Oktoba zafin rana a Marakesh kan kai digiri 25 ko ya ɗan haura, sararin sama tangaran, sai dai dare ya yi sanyi. A Istanbul kuwa bai cika wuce 20 ba, ruwan sama ya fara yawaita, kuma iskar da ke kaɗowa daga tekun Bahar Aswad tana ratsa tufafi. Sanyi da danshi ba abokan gwiwa ba ne. Duk da haka, a wannan lokacin rigar sanyi mai kauri da laima da takalmi mai riƙon ƙasa sun wadatar, kuma ranar da aka tashi da ruwa akwai inda za a fake, kamar Babbar Kasuwa mai rufi, wadda shagunanta suka kai dubbai. Ka dai tuna tana rufe ran Lahadi, Tofkafi kuma ran Talata, sannan 29 ga Oktoba ranar hutu ce ta tunawa da kafa jamhuriyar Turkiyya a 1923, gari kan cika maƙil.

Shawarata ke nan: idan tafiyar ta tabbata a ƙarshen Oktoba, ku tafi Istanbul, ku zauna a otal ɗaya, ku tsara fita ɗaya da safe, ɗaya da yamma, Hajiya ta huta a tsakani. Abu biyu ne kawai za su sa in janye. Na farko, idan hutun ya zame zuwa tsakiyar Nuwamba ko bayansa, lokacin da sanyi da ruwa suka kankama a Istanbul, to, Maroko ta fi, amma birni ɗaya ko biyu, ban da hamada. Na biyu, ka keɓe da Hajiya ka tambaye ta ko akwai wata ziyara da ta daɗe tana buri. A Fas ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, a can ne kuma masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a shekara ta 859. Idan zuciyarta na can, magana ta ƙare, sai a nemi yadda za a sauƙaƙa mata.

Sauƙaƙawar kuwa daga masauki take farawa. Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga, lunguna ne ƙunci masu hawa da gangara, kaya ma a amalanke ko bayan alfadari ake shigar da su daga bakin ƙofar gari. Gidajen gargajiyar nan da ake kira riyad, masu tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa, su ne suka fi kyau a hoto, amma matakalansu ƙanana ne masu tsayin taki, yawancinsu babu lif, kuma karin kumallo sau da yawa a saman rufi ake ba da shi. Ka nemi ɗakin ƙasa a gidan da ke dab da ƙofar Bab Bujlud, ko otal na zamani a sabon gari.

Maganar kuɗi kusan ɗaya kuma, kada ka amince da jimla sai ka ga abin da ke cikinta a rubuce. Kuɗin shiga wuraren tarihi a Istanbul ya yi tsada ga baƙi, wasunsu da yuro ake ƙiyasta su, kuma babban filin jirgin birnin, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsohon gari, don haka motar ɗauko ku ba ƙaramin abu ba ce. Filin yana da faɗin gaske, saboda haka ka nemi kamfanin jirgi ya tanadar wa Hajiya keken turawa aƙalla awa 48 kafin tashi. Ba a biyan ko sisi a kansa.

Tambaya: Ni da mijina za mu yi tafiya a tsakiyar Nuwamba, mun rasa zaɓi tsakanin hawan balan-balan a Kapadokiya ta Turkiyya da kwana a hamadar Maroko. Wakilin da muke magana da shi ya ce mu biya duka yanzu, kuma ba a mayar da kuɗi.

Amsa: Malama, ki fara da wannan sharaɗin na rashin mayar da kuɗi, domin shi ya fi zaɓin wurin muhimmanci. Balan-balan ba ya tashi sai hukumar sufurin jiragen sama ta Turkiyya ta duba iska da asuba ta ba da izini, kuma yayin da hunturu ke ƙaratowa ranakun da ake sokewa suna ƙaruwa. Kamfanonin kirki suna mayar da kuɗi ko su sauya rana idan yanayi ne ya hana tashi, don haka wakilin da ya ƙi rubuta miki wannan bai cancanci kuɗinki ba. Idan kuka zaɓi Kapadokiya, ku kwana 3 a can, ku kama gurbin safiyar farko, domin in an soke ku sami damar gwadawa sau biyu, kuma ku shirya wa sanyin asuba da kan kusanci daskarewa. Hamada ta fi tabbas a wannan watan, tun da rana ba ta ƙuna kamar ta tsakiyar shekara, amma darenta akwai sanyi mai shiga ƙashi, sai ki tambaya ko tantin na da isassun barguna da banɗaki a ciki.

Tun da ku biyu ne kuma babu mai larura, ni Maroko zan ce muku a Nuwamba, muddin kuna da kwanakin da za ku ba wa hanya. Ko wanne kuka ɗauka, kada ku sayi tikitin da ba a sauya shi kafin biza ta fito, ku nemi sharuɗɗanta daga ofishin jakadancin ƙasar da kansa, sannan ku duba cewa fasfo ɗinku na da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ku dawo.