An sallame ni daga aiki, ina makomar inshorar lafiyarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka da iyalina. Shekara bakwai ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, sai ga shi ƙarshen watan jiya an rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Inshorar lafiyarmu ta kamfanin ce. Yanzu wata takarda ta iso mai suna COBRA, wai in ina son inshorar ta ci gaba sai in riƙa biyan dala 1,938 duk wata, alhali a da dala 420 ake cirewa a albashina. Uwargida na da ciwon suga, tana kan allurar insulin. Yaranmu uku lafiyarsu ƙalau. Anya ba damfara ba ce? Mai karatu daga Amurka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya ba uwargida lafiya. Ba damfara ba ce, Malam, kada ka yar da takardar nan, ka adana ta har da ambulan ɗinta, don kwanan watan da ke jiki yana da aiki.

COBRA dokar tarayya ce ta 1985, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1986. Ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye ya bar wanda ya rasa aikinsa ya ci gaba da inshorar da yake kai, har tsawon wata 18, muddin ba wani babban laifi ne ya jawo korar ba. Likitocinku ɗaya, magungunanku ɗaya. Abin da ya canja shi ne mai biya. Dama can kuɗin inshorar dala 1,900 ne, kana ba da 420, kamfani na cika 1,480 ba ka gani. Yanzu duka ya dawo wuyanka, da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya, wato dala 38 ɗin nan da ke kai.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ne zuciyar amsata: ba dole ba ne ku biyar ku shiga tare. Doka ta ba kowane ɗayanku damar zaɓa wa kansa. Uwargida za ta iya ɗaukar COBRA ita kaɗai, kuma kuɗin mutum ɗaya bai kama ƙafar na iyali ba. A wurinta abin na da riba ta wata fuska: akwai adadin da sai mutum ya fara kashewa daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta karɓi nauyi. Mai ciwon suga ta riga ta ci nisa a na bana. In ta koma sabuwar inshora, lissafin daga sifili zai fara, wataƙila ma likitan da ya san ta ba ya cikin tsarinsu.

Kana da kwana 60 ka yanke shawara, daga ranar da inshorar ta tsaya ko ranar da aka aiko takardar, duk wadda ta zo daga baya. Bayan ka amsa, kana da wasu kwana 45 kafin biyan farko. Kuma da zarar ka biya, inshorar na komawa baya har ranar da ta yanke, sai dai za ka biya duk watannin da suka wuce. Shi ya sa wasu masu ƙoshin lafiya ke ajiye takardar a aljihun tebur su jira, in wani abu ya faru su cika ta. Ga uwargida dai ban ba da wannan shawara ba. Kafin a biya, kwamfutar kantin magani za ta nuna babu inshora, ka sayi insulin da kuɗinka, sannan ka koma bin sawun a maido maka.

Kai da yara kuwa, ku duba kasuwar inshora ta Obamacare, wato tsarin gwamnati inda mutum ke sayen inshora da kansa, a HealthCare.gov ko shafin jiharku. Rasa inshorar aiki na buɗe maka ƙofa ta kwana 60, amma wannan ƙirgen daga ranar da inshorar ta tsaya yake, ba ruwansa da ranar takarda. Tallafin gwamnati a can ya danganta da kuɗin shigar gidanku na shekarar, kuma naka ya ragu. Ita inshorar kasuwar ba ta komawa baya, sai farkon watan da ya biyo bayan rajista take fara aiki. Yaran na iya dacewa da Medicaid ko CHIP, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi da yaransu, waɗanda ake nema kowane lokaci, gwargwadon dokar jiha da takardun zamanku.

Hattara da abu guda: in ka ɗauki COBRA, kwana 60 ɗin suka wuce, sannan ka daina biya don ta yi maka nauyi, ba za a buɗe maka kasuwar ba sai lokacin rajista na ƙarshen shekara. Gobe da safe ka kira lambar da ke kan takardar, ka tambayi kuɗin uwargida ita kaɗai, da ainihin ranar da wa'adinka zai cika.