Tambaya da Amsa: Yaya zan gane ruwan inabi mai kyau, mai araha, wanda babu giya a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni a Garwa nake. Maigidana mai yawan baƙi ne, abokan kasuwancinsa daga Duwala da Yawunde, kuma ya fi son a ajiye musu kwalaben nan na ruwan inabi masu kumfa da muke ce wa shamfen, a maimakon lemon kwalba. Na taɓa sayen ta sefa 1,500, muka ji kamar alewa aka jiƙa. Na sayi ta sefa 6,000, sai ɗana ya duba bayanta ya ga an rubuta 0,5%, na tsorata na tuttular da ita. Don Allah yaya zan gane wadda babu giya, mai daɗi, wadda kuma ba za ta cinye min kuɗin cefane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, don abin da ya yi shi ne farkon aikin: ya juya kwalba ya karanta bayanta. Gaban kwalba talla ce kawai. Zanen ganyen inabi, takardar zinariya a wuya, suna da Faransanci mai daɗin faɗa, duk kowa na iya bugawa. Ƙananan rubutun da ke baya, waɗanda sai an matso da ido, su doka ta tilasta wa kamfani ya rubuta, kuma a nan ake kama gaskiya.

Kwalaben da kike gani jere a kanti kamanninsu ɗaya, amma abin da ke ciki kashi uku ne, kuma kin riga kin sayi biyu.

Ta sefa 6,000 ɗin nan da kika zubar ita ce kashi na farko, kusan tabbas a jikinta an rubuta vin désalcoolisé. Ma'anarsa giyar inabi ce ta sosai aka fara yi. An matse inabi, an bar yis ya cinye sukarinsa ya mayar da shi barasa, kamar dai yadda ake yi wa dawa a tukunyar bilbil, giyar gargajiya, har ta kai kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari. Daga baya sai aka zo aka cire barasar. Barasa tana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai 100, amma in aka dafa giyar haka kai tsaye ɗanɗanonta ya lalace. Don haka ake zuƙe iskar tukunyar tukuna, sai barasar ta tashi a zafin da bai wuce 30 da 'yan kai ba, zafin da bai kai ko na inuwar Garwa a watan Afrilu ba. Wani mai gonar inabi a Jamus, Carl Jung, shi ya yi wa wannan dabara rajista tun 1908. Sai dai ba a cika kwashe ta tas ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira abu désalcoolisé muddin barasar da ta rage ba ta haura 0,5% ba, wato lambar da ɗanki ya gani. In kika ga partiellement désalcoolisé kuwa, wannan rage mata ƙarfi kawai aka yi, giya ce har yanzu, ki mayar da ita inda kika ɗauko.

Har kalmar sans alcool ɗin da muke dogara da ita ba ta kai yadda muke zato ba. A Faransa ana iya rubuta ta a jikin biya mai barasa har 1,2%. Lambar da ke nufin babu ita ce 0,0%, da sifili bayan waƙafi.

Ko 0,0% ɗin ma, in asalinta giya ce aka tace, akwai magana. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya, alal misali, ta haramta duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi, ko da an cire barasar daga baya, wasu malaman kuma suna duba abin da ya rage a kwalbar ne kawai. Hukunci na malamai ne, ni nawa in faɗa miki abin da ke ciki. Amma a gidana ba na ajiye ta, kuma ba don tsoro kaɗai ba: ita ce ta fi tsada, tunda aiki biyu aka yi a kanta, sannan wanda bai saba da giya ba yakan ji ta da tsami da wani wari kamar na ƙullun da ya kwana. An yi ta ne don mashayin da ya daina sha yana kewar ɗanɗanon. Ke da ba ki taɓa sha ba, me za ki yi kewa?

Wadda kike nema ita ce kashi na biyu, ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba. Ana matse shi, a ɗumama shi a kashe yis ɗin kafin ya fara aiki, a rufe. Kumfar kuma iskar gas ce aka ɗura masa, irin ta lemon kwalba. Hanyar ta samo asali daga binciken Louis Pasteur, kuma wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara yi wa ruwan inabi haka a 1869, don cocinsu ba sa son amfani da giya a ibadarsu. Kin ga ashe ba mu kaɗai muka taɓa neman inabi ba maye ba. A jikin irin wannan za ki ga jus de raisin, ko jus de raisin pétillant in mai kumfa ce. In an ƙara da pur jus ko 100%, to madalla. In an ce à base de concentré, an ƙafe ruwan ne ya yi kauri don sauƙin dako, aka zo aka mayar masa da ruwa. Ƙamshinsa yakan ɗan ragu, amma inabi ne, kuma a nan arahar gaskiya take. Ana samun irin wannan daga Sifen, ƙasar da ta fi kowace faɗin gonakin inabi a duniya, shi ya sa nasu bai cika tsada ba.

Ta sefa 1,500 kuwa, ita ce kashi na uku. Ki nemi inda aka rubuta ingrédients. Ƙa'ida ita ce a jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. In kika ga eau a farko, sucre na biye, sannan arôme da colorant, inabin kuma yana can ƙarshe da kashi 10 ko ƙasa da haka, to lemon kwalba ne aka sa wa babbar riga. Ba haramun ba ne, ba guba ba ne, amma kuɗin kwalba da toshiya da igiyar ƙarfe kika biya. Kalmar boisson a gaban suna, kamar boisson au raisin, ita ma alama ce ta cewa an tsinka.

Sunan shamfen kansa aro muka yi. Champagne yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kuma duk kwalbar da ta ɗauki wannan suna da gaske giya ce. Don haka kada ki aiki yaro da cewa ya sayo shamfen kawai. Na ga abin da hakan ke jawowa. Wata shekara a wajen sunan ɗan ƙanena aka aiki wani matashi wani kanti ya ƙaro ruwan inabi na kwali. Ya dawo da kwalaye shida, ja wur, da hoton inabi a jiki, ba su da maraba da na ruwan 'ya'yan itace. Har an tsiyaya wa wata gwaggonmu a kofi, ta kai baki ta yamutsa fuska ta ce wannan ai ya lalace. Na karɓi kwalin na juya, sai ga vin rouge, ga 11% vol a ƙasan kusurwa da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Yaron bai yi da gangan ba, a kan kanta ɗaya ya same su jere da na mangwaro. Tun ranar duk wanda zan aika, abu biyu nake ce masa: in ka ga vin, ko ka ga lamba da vol a bayanta, ajiye.

Saura maganar da ta fi shafarmu mu 'yan arewa, wato zafi. Kwalbar nan ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, ta gangaro fiye da kilomita 250 zuwa Garwa a bayan tirela, wata ma ta wuce Marwa har Kusuri. Wasu kuma ta Najeriya suke shigowa. Sannan ta zauna a shago mai rufin kwano a watannin da zafi ke haura 40. Ruwan inabi ba ya jure wannan. Farin yakan koma ruwan zuma mai duhu, jan ya koma kalar ƙasa, ɗanɗanon ya zama kamar na dafaffen sukari. Sau da yawa in mutum ya ce wani kamfani ba shi da daɗi, ba laifin kamfanin ba ne, a hanya aka dafa masa shi. Ki ɗaga kwalbar ki kalli haske ta cikinta. Ki shafa wuyanta, in kin ji danƙo to ta yi yoyo, gas ya gudu. Ki duba kwanan watan da ke bayan à consommer de préférence avant, ki zaɓi wadda ta fi sauran lokaci mai tsawo. Kar ki ɗauki ta jikin taga da rana ke duka, ki ce a ciro miki daga cikin katan. Kuma shagon da kaya ke saurin ƙarewa ya fi wanda ya fi kyan fitilu. Bayan Kirsimeti da sabuwar shekara, da bayan Sallah, 'yan sari kan sauke farashin abin da ya rage musu, lokacin ne za ki ɗauki katan guda ki tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi. Amma ki fara sayen ɗaya ki ɗanɗana tukuna.

Ko mai kyan kika samu, zai yi miki zaƙi, don inabi haka yake. Kofi ɗaya na ruwan inabi zalla ya fi kofin Coca-Cola sukari, wajen giram 15 a kowace mililita 100, ita kuwa ba ta kai 11 ba. Wannan abin lura ne in akwai mai ciwon sukari a baƙin. Maganin zaƙin sanyi ne da tsami. Ki sa kwalbar ta yi sanyi ƙarara, sa'a uku a firji ko rabin sa'a a bokitin ƙanƙara da ruwa, don sanyi na danne zaƙi. Ki matsa 'yar lemon tsami a kofi, ko ki tsinka da ruwan soda kashi ɗaya cikin uku. Da haka kwalba mai santilita 75, da ke ba da ƙananan kofuna shida, sai ta ba da takwas ko tara, kuma ta fi daɗi. Farin ya fi dacewa da gasasshen kifi, musamman giwan ruwan Lagdo. Jan kuma ki haɗa shi da kilishi ko tsire, zaƙinsa na kwantar da yaji.

Wannan duk na ranar baƙi ne. Na yau da kullum kuwa, Hajiya, ni ban ga dalilin da za ki riƙa biyan kuɗin jirgin ruwa daga Sifen ba alhali ga zoɓo a kasuwa ana aunawa a kwano, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere, mutanen Cadi kuma karkanji. Abin da masu shan inabi ke yabo a kofinsu abu uku ne: launi, tsami, da ɗan baurin nan da ke kama harshe. Sinadarin da ke ba jan inabi launinsa danginsa ne ke cikin zoɓo. Tsamin da inabi ya yi suna da shi, irinsa ne sak a cikin tsamiya, ita ce ma 'yar itacen da ta fi shi yawansa. Baurin kuma yana cikin ganyen shayi. Duk muna da su a madafa, haɗawar ce ba mu yi.

Ga yadda nake yi. A lita biyu na ruwa, zoɓo cikin tafin hannu biyu, mai duhun nan, a ɗauraye shi. Ba na tafasa shi ya yi ta ɓararraka, don dogon dahuwa ke kashe ƙamshi ya bar ɗaci. In ruwa ya tafasa sai in sauke, in zuba zoɓon da tsamiya kamar girman babban yatsa, da kanumfari uku, da zabibi ko dabino cikin hannu ɗaya da aka ɗan daddaka, in rufe minti ashirin. A minti ukun ƙarshe nake jefa cokali ɗaya na ganyen shayi, kar ya wuce haka. Citta kaɗan ko ma babu, don tana rufe komai. Kanwa kuwa kar ta kusanto, ita ke mayar da jan ya yi baƙi-baƙi ta kuma kashe tsamin da muke nema. A guji tukunyar dalma, tsami na cin ta ya ba da ɗanɗanon ƙarfe. Sukari rabin wanda kika saba. A tace da kyalle mai tsabta sau biyu har sai ya yi garau, a sa a firji. Sai an zo sha ake zuba ruwan soda mai sanyi a kai, a cikin kofin gilashi. Na sha ba 'yan Duwala wannan, suka tambaye ni sunan kamfanin.

Abu ɗaya za ki kiyaye. Zoɓonki ba a kashe masa yis kamar na kamfani ba, kuma yis yana nan a iska da jikin dabino da zabibi. Ruwa mai sukari in ya zauna a zafinmu, aikin da ake yi da gangan a gidan giya shi zai fara da kansa. Ki yi daidai na kwana biyu, ya zauna a sanyi. In an ɗauke wuta ya kwana a waje, ki matsa gorar da safe. In kin ji ta yi tauri, ko kin buɗe ta yi tsit kamar lemon kwalba alhali ba ki sa soda ba, to ya fara juyawa, wannan kam ki zubar.