Ku Tambaya, Mu Amsa: Kallon Dish ga Wanda Ke Yau Nan Gobe Can

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai aikin haƙar burtsatse ne, mu bakwai muke aiki tare. Muna da kwantena mai taya da mota ke ja, cikinta muke kwana duk ƙauyen da munka sauka, wani wuri sati biyu, wani wuri wata guda. Bana mun yi Tangaza, mun yi Gwadabawa, yanzu Gada za mu. Mun haɗa kuɗi mun sayi talabijin da dikodar GOtv don ƙwallo da labaru. Cikin Sakkwato tana yi lafiya lau, da munka fita daji sai ta ɗauke. Sai munka sayi dish na DStv anka ɗaura muna saman kwantena. Ranar da anka saita ya kawo, amma tun da munka tashi daga wurin sai E48 yake rubutawa. Mai saitin ya ce sai dai mu riƙa zuwa ɗaukarshi duk inda munka koma. Mi za mu yi? *Mai burtsatse, Mabera, Sakkwato.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'ar aiki, ya tsare muku hanya, don yankunan da ka lissafa ba a shigarsu da ka a 'yan shekarun nan.

Mu fara sallamar GOtv. Lafiyarta ƙalau, ba aikinta ba ne kuka ba ta. Ba daga tauraron ɗan'adam take kamawa ba, daga turken watsa shirye-shirye ne da ke kafe a gari, shi ya sa ake sa mata eriya. Idan ka yi nisa da turken, ko gora uku ka haɗa ka ɗaga eriyar, ba abin da za ta kawo. Haka StarTimes mai eriya. Ka bar wa iyali ita a Mabera.

Batun dish kuwa, mai saitinku ya faɗa maka rabin gaskiya ya riƙe rabi. Ni ma sana'ata ke nan, ba na son a kashe mana kasuwa, amma a kwashi mutum daga Sakkwato zuwa Gada don aikin da bai wuce minti goma ba, wannan ɓarnar mai ce.

Taurarin da muke kallo da su suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, kuma suna zagaya daidai da juyawar duniya. Saboda haka a wurinmu kullum suna tsaye wuri guda, dare da rana, rani da damina. Wanda DStv ke aiko mana da shirye-shirye ta kansa na kamfanin Eutelsat ne, yana digiri 36 gabas. Abin da ke wannan nisa, tafiyarka daga Sakkwato zuwa Gada ba ta canza masa komai. Ka ɗauki jihar nan tun daga Kebbe har Illela, ɗagawar da dish ke bukata tana nan wajen digiri 51 zuwa 52, fuskar da zai kalla ma bambancinta digiri biyu ne ko uku. Amma idan hannunka ya kauce da digiri ɗaya tak, can sama ka kauce wa tauraron da fiye da kilomita 600. To ka ga inda matsalarku take. Tauraro bai gusa ba, kwantenarku ce yau ta kalli gabas, gobe direba ya ajiye ta tana kallon arewa, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a kwari. Ga kuma girgiza: ko an saita daidai, da mutum biyu sun hau sun sauka, ko an tada kwamfuresa kusa, hoto zai riƙa tsinkewa. Ban ma yi maganar iskar hanya da ke lanƙwasa dish in an bar shi a sama ana gudu ba.

Don haka ku sauke shi ƙasa. Ku nemi tsohuwar tayar mota, ku kafa bututun ƙarfe mai kauri a tsakiyarta, tsawonsa kamar zuwa ƙugun mutum, ku zuba kankare. Ku da kuke da bututu da siminti a wurin aiki, wannan ba zai ci muku ko sisi ba. Mutum biyu za su iya mirgina ta su ɗora a mota. Duk inda kuka sauka, aikin farko shi ne a tabbatar bututun ya miƙe sak. A nan yawancin mutane ke faɗuwa, su yi ta zargin dikoda. Ka ɗaura noti a bakin zare, ka riƙe zaren a saman bututun ka sake shi, ka duba ta gaba ka duba ta gefe. Idan zare da bututu ba su tafi tare ba, ka tona ƙasa kaɗan ko ka cusa dutse a ƙarƙashin tayar har su daidaita. Kada ka taɓa dish sai ka gama wannan.

Saiti uku ne a jikin dish: ɗagawarsa sama, murɗawar LNB, wato kan nan da ke gaba inda waya ke shiga, da kuma fuskar da yake kallo. Na farko da na biyu sau ɗaya ake yin su. Kafin ku bar gari, ku kira mai saitinku ya saita muku a kan wannan taya, ku biya shi haƙƙinsa. Da hoto ya zauna, ka ɗauki ƙusa ka ja layi a jikin ƙarfen baya inda notin ɗagawa ya tsaya, ka ja wani layin da ya ratsa wuyan LNB da abin da ya riƙe shi, ka bi su da jan fenti. Ka gargaɗi yaranka kada wanda ya sake kwance waɗannan notuna. LNB ɗin za ka gan shi a karkace sosai, wayar ba ta kallon ƙasa. Haka ya kamata ya kasance a nan, saboda tauraron yana can gabas da mu. Na sha ganin mai son gyara ya zo ya miƙar da shi don ya fi kyan gani, tashoshi rabi su ɓace.

Saura fuska, ita kaɗai za ku riƙa nema a kowane sabon wuri. Alƙibla a Sakkwato tana wajen digiri 71 a kamfas, tauraron DStv kuma yana wajen 111. Ka tsaya bayan dish ka fuskanci alƙibla, sannan ka karkata dama da digiri 40, wato ƙasa kaɗan da rabin kusurwar ɗaki. Sai dai ka lura, masallatan ƙauye da yawa gabas tsantsa suka kalla. Idan da irin wannan ka auna, karkatar digiri 20 ce kawai. Kamfas na waya yana taimakawa, ba ya kuma bukatar sabis, amma ƙarfe na ruɗa shi. Kada ka auna a gindin injin haƙa ko jikin kwantena. Ka ja da baya taku ashirin, ka auna, ka shaida wata bishiya ko tudu da ke kan layin, ka dawo ka juya dish ya kalle ta.

Daga nan sai a fito da talabijin bakin ƙofa inda mai juyawa zai gani da idonsa. Aikin "ya kawo?", "a'a, koma baya!" daga cikin ɗaki shi ke cinye awa biyu. Ka buɗe shafin sigina a dikoda, za ka ga layi biyu. Na ƙarfin sigina yakan tashi ko da dish bango yake kallo, muddin waya na haɗe da LNB, don haka kada ya ruɗe ka. Na biyu, na ingancin sigina, shi ne naka. Ka tura dish kaɗan, kamar kaurin yatsa a bakinsa, ka tsaya ka ƙirga biyar, don dikoda ba ta amsawa nan take. Mai gaggawa yakan wuce ta kan tauraron sau uku bai sani ba. Da layin ya motsa, ka rage turawar, ka nemi inda ya fi cika. Wajen ɗaure notuna ka riƙa yi bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, idonka na kan talabijin, domin ɗaurin gefe ɗaya yana jan dish ya kauce. Ƙaramar mitar nan ta neman sigina mai kuka da ake sayarwa da araha, tana kuka a kan kowane tauraro ta ci karo da shi, ba ta san na DStv da na wani ba. In kun saya, ku ɗauke ta ɗan jagora, hukuncin na dikoda ne.

Kowa na son inuwa, amma dish ba ya so. Ganye na tare sigina. Da yake tauraron yana sama sosai, abin da sauƙi: idan nisanka da bishiya ya kai tsawonta, ka tsira. Dish irin namu yana kallon sama fiye da yadda ido ke gani, da digiri ashirin da 'yan kai, saboda haka ko ka ga kamar katanga yake kallo, ta samanta yake bi. Gawo ne mai yaudara. Ka saita a ƙarƙashinsa da damina ba ganye, kaka na yi ya tofo, kallo ya tsaya.

In da hali ku ɗauki dish mai faɗin santimita 90 maimakon ƙaramin. Ruwan sama mai ƙarfi na ɗauke sigina, babu dabarar da ke hana wannan, amma babba ya fi jurewa. Ƙurar hunturu ba ta cika damunsa ba. Iskar da ke gaban hadari ita ce abin tsoro, musamman farkon damina. In kun ga gabas ta haɗe, ku kashe dikoda, ku zare waya saboda tsawa, ku danne tayar da buhun yashi. Kullum ma a kashe dikoda kafin a cire ko a ɗaura waya, don akwai wuta volt 13 zuwa 18 da take aika wa LNB ta cikinta. Wayar ta zama guda ɗaya ba haɗi, a naɗe bakinta da tef, a binne ta kaɗan ko a ɗaga ta saboda awaki.

Wuta kuma, na fi son sola da batir a kan ƙaramin janareta, wanda hawa da saukar wutarsa ke ƙona dikoda. Talabijin mai inci 32 da dikoda ba sa wuce wat 60 zuwa 70 a haɗe. Batir mai 100Ah, in ba a so ya mutu da wuri, rabinsa ake sha, wato awa bakwai zuwa takwas na kallo in an cire abin da inbata ke ci. Ya ishe ku wasa biyu da labaru. Ku kuma tuna kwantena ƙarfe ce, a watan Afrilu zafin waje ma ya haura digiri 40. Kada a ɗora dikoda a kan talabijin ko a lulluɓe ta da tsumma wai don ƙura.

Abu na ƙarshe, ku biya kuɗin wata kafin ya ƙare, tun kuna inda ke da sabis. E48 rashin sigina ne, E16 kuwa maganar biya ce. Saƙon buɗewa ta tauraro yake zuwa, sai dikoda na kunne dish na kan saiti za ta karɓa. In ta rufe, sai an yi amfani da waya a warware, kuma ka san can wajen iyaka wayarka na iya tsallakawa ta kama layin Nijar. Ka bar lambar katin a hannun wani a gida wanda zai iya yi muku daga gari.

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar albasa zuwa Kudu. Akwai dish da zai yi aiki mota na tafiya? *Direba, Kwannawa.*

Amsa: Akwai, Alhaji. Wani ne mai rufi kamar ƙwarya da ke bin tauraro da kansa, masu yawon shaƙatawa da motocin kwana a Turai da masu jiragen ruwa na amfani da shi. Yana da tsada ƙwarai, kuma in ya lalace a hanyar Kontagora ba ka da mai gyara. Dish na gida ba zai yi ba ko kusa. Ga wanda ke kwana a gari daban kowane dare, sauke abin kallo a waya tun kana gida ya fi maka, rediyo kuma ta riƙe ka a kan hanya. Idonka ma titi muke so ya kalla.

Tambaya: Muna fita aikin duba marasa lafiya a ƙauyuka, mukan yi kwanaki. Ba ƙwallo muke so ba, tashoshin Hausa da na Harami muke so, kuma ba mu son biyan wata. *Ma'aikaciyar jinya, Arkilla.*

Amsa: Hajiya, risibar kyauta za ku saya, ba ta kamfani ba. Tashoshin Hausa na kyauta da dama a kan tauraron Eutelsat da ke digiri 16 gabas aka saba samun su. Daga Sakkwato yana kudu maso gabas, wajen 140 a kamfas, ɗagawa kusan digiri 70, don haka dish ɗin zai kwanta baya sosai. Nilesat, inda tashoshin Larabawa suka taru, yana digiri 7 yamma, kudu maso yamma ke nan, amma don ƙasashen Larabawa aka tsara shi, mu a gefe muke, sai da babban dish. Wannan na girkewa ne a gida, ba na ɗauka a motar asibiti ba. Tashoshin kyauta sukan sauya lamba ba sanarwa, saboda haka a sabunta muku risibar a gari kafin kowace fita, a kuma nuna wa direbanku yadda ake sa ta binciko tashoshi da kanta. Maganar taya da zare da jan fenti da na yi wa mai burtsatse, ku ma ita za ku bi.