Zan yi tafiya a tsakiyar bazara: in bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne ko in kashe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sakkwato, kuma a watan Afrilu ni da iyalina za mu yi tafiyar mako uku, ba za a bar kowa a gida ba sai maigadi da ke kwana a bakin ƙofa. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ce kada in kashe na'urar sanyaya ɗaki ta falo, in sa ta a digiri 28 ko 29 in bar ta tana aiki, domin haka suke yi a can, kuma wai zafi zai lalata talabijin da kujeru da littattafai. Na'urar mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ce, mitarmu kuma ta kati ce. Mece ce shawararku?
Daga wani mai karatu a Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Shawarata ita ce ka kashe ta, kuma kada ka tsaya a kan rimot kaɗai, ka kashe makunninta na bango, idan mai filogi ce ka zare shi daga soket.

Ƙanenka bai faɗi abin da ba daidai ba, sai dai maganarsa ta dace da gidan da yake ciki ne. Yawancin gidajen Amurka da katako da allunan farar ƙasa ake gina su, kuma a jihohi irin su Florida zafinsu tafe yake da laima mai yawa, ta yadda idan aka rufe gida na makonni babu abin da ke tsotse ruwan da ke cikin iska, sai bango da tufafi su yi funfuna. Abin da suke gudu ke nan, kuma suna da wutar da da wuya a ɗauke ta. Sakkwato a watan Afrilu kuwa, ko da rana ta haura digiri 40, iskarta busasshiya ce, ba ta sa takarda ko kujera ta yi funfuna. Talabijin da ke kashe tana jure zafin da ya fi na falonka, tun da a cikin kwantenar ƙarfe ta ratso teku da titi kafin ta iso kasuwa. Abin da ke cin fatar kujera da bangon littafi shi ne hasken rana da ke dukan su kai tsaye, wannan kuma labule mai kauri ya ishe shi magani.

Babban abin da ya sa nake jin tsoron barin na'urar a kunne shi ne halin wutarmu. A cikin mako uku za a ɗauke wuta a maido sau da yawa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi fiye da kima, wani lokaci kuma ta zo da rauni ƙasa da bolt 230 ɗin da aka tsara. Galibin na'urorin zamani suna tashi da kansu da zarar wuta ta dawo, kuma kwamfuresa, wato injin da ke cikin akwatin waje, idan ya yi yunƙurin tashi da raunanniyar wuta sai ya ja lantarki fiye da ƙa'ida ya ɗau zafi. Idan kana gida za ka ji gurnaninsa ko ka ga ƙwan lantarki ya dushe, ka tashi ka kashe. Idan babu kowa, zai yi ta fama har ya ƙone, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kowane tsada a jikin na'urar. Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da soket mai sako-sako ko wayar da ta yi wa aikin ƙanƙanta, waɗanda ke narkewa a hankali a bayan labule, a cikin ɗakin da ke kulle, maigadi kuma ba zai sani ba sai ya ga hayaƙi. Sitabilaiza mai jinkirta tashi na 'yan mintuna tana rage haɗarin ƙonewar kwamfuresa, amma ita ma kayan wuta ce da ke ɗaukar zafi, bai kamata a ɗora mata amanar gida na mako uku ba.

Akwai kuma ruwan da na'urar ke fitarwa. Bututunsa yakan toshe da ƙura, musamman bayan hunturu, sai ruwan ya riƙa zuba a cikin ɗaki, a kan bango da kafet.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana cin abin da ya ɗan haura yunit ɗaya a kowace awa da kwamfuresa ke aiki. Mu ƙaddara yana aiki awa 12 a rana, abin da ba zai yi wuya ba a ɗakin bulo mai rufin kwano a tsakiyar bazara, to ka ga kusan yunit 14 ke nan a kullum, wajen yunit 300 a mako uku. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka tsara su fi kowa samun awannin wuta a rana, farashi, yunit ɗaya ya haura naira 200, saboda haka idan kana wannan rukuni kana maganar fiye da naira 60,000 don sanyaya ɗakin da babu kowa. Idan kuma katin ya ƙare a tsakiyar tafiya, firjin da ka bari a kunne shi ma ya mutu tare da abin da ke cikinsa.

Akwai 'yan abubuwan da zafi ke yi wa illa da gaske, kuma su ya kamata ka ba hankalinka. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, allurar masu ciwon sukari kuwa wadda ba a buɗe ba tana buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Irin waɗannan ka tafi da su, ko ka kai su gidan ɗan'uwa da ke da sola. Kwamfuta da wayoyi da sauran abubuwa masu batir kada a bar su a jikin caji, a ajiye su a ƙasa cikin ɗakin da rana ba ta duka da yamma. A rufe kan tukunyar gas da kyau. A cire batiran rimot, domin sukan yi yoyo su cinye ƙarafan ciki. Firji kuma, a ganina, gara a kwashe abin da ke ciki a rabar, a kashe shi, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe.

Kafin ku tafi ka cire ragar da ke gaban na'urar ka wanke da ruwa, ka bari ta bushe a inuwa sannan ka mayar. Ka nuna wa maigadi akwatin waje ya riƙa sa masa ido, saboda masu satar bututun tagulla sun san gidan da babu mutane. Ranar da kuka dawo kada a yi gaggawar kunnawa: a buɗe tagogi da ƙofofi, a saki fanka na ɗan lokaci har zafin da ya taru ya fita, a duba akwatin waje ko ƙadangare ko zanzaro ya yi gida a ciki, sannan a rufe ɗakin a kunna a digiri 24 ko 25. Sa ta a 16 ba ya ƙara mata sauri, sai dai ya hana ta hutawa. Daren farko ba za ku ji sanyi yadda kuka saba ba, domin bango da silin sun sha zafi na makonni kuma a hankali suke sakin sa. Kada wannan ya sa a ce maka gas ya ƙare. Gas ɗin na'ura ba ya raguwa don an ajiye ta, sai idan akwai wurin da yake tsiyaya.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciya ce a Kano, ina fita da ƙarfe 8 na safe in dawo da ƙarfe 4 na yamma. Maƙwabciyata ta ce kashewa da kunnawa ya fi cin wuta a kan a bar na'urar tana aiki. Gaskiya ne? Mahaifiyata, wadda ta manyanta, takan zo ta yi kwanaki a wurina.
Daga wata mai karatu a Kano

AMSA: Hajiya, maganar maƙwabciyarki ba ta inganta ba. Gaskiya ne kwamfuresa yana fizgar wuta da yawa a lokacin tashi, amma hakan bai wuce daƙiƙoƙi kaɗan ba, kuma ba zai taɓa kai abin da na'urar za ta ci cikin awa takwas ba. Idan za ki leƙa maƙwabta na rabin awa, ki bar ta. Idan wuni za ki yi, ki kashe, ki saki labulen tagogin gabas da yamma kafin ki fita. Abin kiyayewa shi ne idan kin kashe, ko an ɗauke wuta an maido nan take, ki ba ta aƙalla minti uku kafin ta sake tashi.

Ranakun da Inna take gida kuwa lissafin ya sauya gaba ɗaya, kuma ina roƙon ki kada ki yi tsimin yunit a kanta. Jikin tsofaffi ba ya fitar da zafi kamar na matasa, sau da yawa kuma ba sa jin ƙishirwa har sai ruwan jikinsu ya ragu, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari. Ki bar mata na'urar a digiri 26 tare da fanka, ki ajiye ruwan sha kusa da ita, ki koya wa wanda zai zauna da ita inda makunnin bango yake da yadda ake buɗe tagogi idan an ɗauke wuta. Ki kuma riƙa kiran ta a waya tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ɗaki ya fi ɗaukar zafi.