Suna cire min kashi 5 a kuɗin kwangila, shi ke nan na gama da haraji?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ma'aikacin sola ne da kyamarar tsaro a Kaduna, da albashi nake karɓa, bana na ajiye na koma cin gashin kaina. Wani kamfani ya ba ni kwangilar kula da na'urorinsu a kan naira 700,000 duk wata, amma alat ɗin da ke shigowa 665,000 ne, wai sun cire haraji. To shi ke nan na fita? Kuma nawa ne ainihin nawa a ciki, don wallahi wata na ƙarewa ban san inda kuɗin suka shige ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba ka fita ba tukuna. Wancan 35,000 da suke cirewa shi ake kira WHT, kuma kafin alƙalami ne kawai, ana riƙe maka shi a wajen hukuma kafin a zo lissafin ƙarshen shekara. Lokacin da kake albashi ofis ne ke maka komai ta PAYE, wato cire haraji daga albashi kafin a biya ka, kai dai ka ga alat ka tafi kasuwa. Yanzu kai ne ofishin, kai ne akanta, kai ne kuma mai laifi in ba a biya ba. A ƙa'idar cirewa ta 2024 aikin fasaha da na ba da shawara irin naka kashi 5 ne, kawo kaya kashi 2, wanda kuma ba shi da lambar haraji ta TIN ana ninka masa, don haka in ba ka ba su lambarka ba gobe ka kai musu.

Tunda ba kamfani mai Limited ka yi rajista ba, ko da kana da sunan kasuwanci daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni, harajinka na mutum ɗaya ne kuma jiharka ke karɓa, wato hukumar harajin jiha, KADIRS a Kaduna, mutanen Kano kuma KIRS. Sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma matakala ce: naira 800,000 na farko a shekara babu ko sisi a kai, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, daga nan 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauka da ka taka matakin 18 to duk kuɗinka za a daka wa 18, a'a, kowane mataki da nasa yankin yake ci.

Abu mafi muhimmanci kuma, ba a kan 700,000 ake ɗora maka haraji ba, a kan riba ne. Ba ka faɗa min abin da kake kashewa ba, bari in ƙiyasta maka, kai sai ka sa naka alƙaluman. A shekara kana karɓar miliyan 8.4. A ce mai da zirga-zirga 90,000 a wata, yaron da ke riƙe maka tsani 60,000, data da kati 20,000, ƙananan kayan aiki da gyare-gyare 30,000, ka ga 200,000 ke nan duk wata, miliyan 2.4 a shekara. Ribarka ta zama miliyan 6 cif.

Sai rangwamen haya. Tsohon rangwamen nan na 200,000 da kashi 20 na kuɗin shiga an soke shi, wanda ya ce maka har yanzu yana nan da tsohuwar doka yake lissafi. Abin da ya maye gurbinsa kashi 20 ne na kuɗin hayar gidan da kake biya a shekara, kuma ba ya wuce 500,000. In hayarka 600,000 ce ka samu 120,000, saura 5,880,000. Wanda ke zaune a gidan gado ko gidan kansa ba shi da wannan, haƙuri. Kuɗin fansho, inshorar lafiya da ta rai su ma ana cirewa in kana biya kuma kana da shaida.

To mu hau matakalar. 800,000 na farko sifiri. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 2,880,000 a kashi 18 ya ba da 518,400. Jimla 848,400 a shekara. Kamfani ya riga ya riƙe maka 420,000, saboda haka abin da za ka ciro daga aljihu 428,400 ne, wato 35,700 duk wata. Ka ga kusan wani 35,000 ɗin ne a kan wanda ake cirewa, shi ne kake cinyewa ba ka sani ba.

Ainihin naka kuwa, miliyan 6 a cire 848,400 saura 5,151,600, a raba 12, naira 429,300 a wata. Daga 700,000 fa. Shi ya sa nake jin takaici in na ji yaro ya ajiye albashin 450,000 yana murna wai ya samu kwangilar 700,000, bai lissafa cewa can mai aikin na zuba masa kashi 10 na fansho ba, yana hutu a biya shi, ya kwanta ciwo albashi bai tsaya ba, nan kuwa zazzaɓin sati biyu kai ne da asara. Ban ce ka yi kuskure ba, mai zaman kansa na iya kama kwastoma uku a lokaci guda, amma in za ka sabunta kwangilar da wannan lissafin za ka zauna ciniki.

Yanzu inda aka fi yin asara, takardu. Wancan 420,000 ba zai zama naka ba sai kamfanin ya kai shi hukuma da sunanka da lambarka kuma ya ba ka shaidar cirewa, wadda ake ce wa kiredit not. Na taɓa zama da wani mai gyaran janareta, shekara biyu ana cire masa, da muka je neman takardar shaidar biyan haraji don zai nemi aikin gwamnati aka buɗe kwamfuta babu komai a sunansa, ashe akantan can yana cirewa ne kawai ba ya turawa, ko yana turawa a dunƙule ba suna, oho. Sai da ya yi ta sintiri. Kada ka bari ta kai ka haka, duk wata uku ka tambaya, cikin ladabi amma a rubuce, kuma ka tabbata jiha suke turawa tunda kai mutum ne ba kamfani ba.

Haka rasit. Miliyan 2.4 ɗin nan da muka cire, in ba ka da shaida ma'aikacin haraji na iya ƙin yarda, kuma kashi 18 nata naira 432,000 ne, kuɗin da za ka biya a banza saboda ka jefar da takardar gidan mai. Buɗe asusu daban na aiki, yaronka ka riƙa biyansa ta taransifa ba hannu da hannu ba, rasit ka ɗauke shi hoto nan take don tawadar POS kwana kaɗan take gogewa. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara da gudummawar biki ba sa shiga, kar ma ka gwada. Babban kaya kamar mashin ko laftof ba a cire kuɗinsa a shekara ɗaya, rarraba shi ake yi a kan shekaru.

Wani abu da 'yan sola ke yawan yi, kwastoma ya ce sayo batir da fanel ka haɗa duka da ladanka a takardar neman biya ɗaya, sai a yanki kashi 5 a kan duka har da kuɗin da ba naka ba. Raba su, kuɗin kaya daban da rasit ɗinsu, ladan aiki daban. In kuma ka taɓa karɓar VAT na kashi 7.5 a hannun kwastoma, wannan amana ce ta hukumar tarayya, NRS da ake kira FIRS a da, ba riba ba ce.

Ana shigar wa hukumar harajin jiha bayanan kuɗin shigar shekarar da ta wuce kafin ƙarshen 31 ga Maris. Ni dai da ni ne kai, ranar da alat ya shigo zan tura 40,000 na haraji wani asusu da ba shi da katin ATM, 200,000 asusun aiki, ragowar 425,000 in kai gida.