Zauren Harshe: Saura, Gawo da Bashin Damina

Tambayoyin wannan makon kusan duk na gona ne, kuma yawancinsu daga wajen Sinnar da Gadarif na ƙasar Sudan suka zo.

Wani ɗalibi daga Maiwurno ya ce: "Malam, a rediyo ina jin ana cewa 'noma mai ɗorewa'. Hausa ce ta asali?"

Ɗana, kalmomin Hausa ne, amma ɗinkin sabo ne, 'yan fassara suka yi shi don bukatar ƙungiyoyi. Ban hana kowa faɗa ba. Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda masu faɗar ke ɗauka cewa sun kawo wa manomi abin da bai sani ba. Tambayi kowane tsoho a garinku mene ne "saura". Zai ce maka gonar da aka bari ta huta, ciyawa da itatuwa suka rufe ta, dabbobi suka yi kiwo suka zuba taki, sai ta mayar da ƙarfinta a dawo mata. Kakanninku da suka baro Burmi ta ƙasar Gombe bayan yaƙi da Turawa a 1903 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu da wannan kalma suka zo. Yau yaro a Gadarif ya san sunan kowane ƙarfe na tarakta da Larabci, amma ka ce masa saura, sai ya ɗauka ragowar tuwo kake nufi. A manyan gonakin inji na can, dawa ake bi da dawa shekara da shekaru, har ƙasa ta gaji, ƙuduji ya mamaye ta. Wannan ciyawa mai jan fure, wadda maƙwabtanmu ke ce wa buda, gajiyayyiyar ƙasa take so, kuma saiwar dawa take kamawa ta tsotse tun kafin ta leƙo waje.

Tunda an taɓo nan, bari in ƙara da "sassabe". Asalinsa share gona kafin damina, a sare kututture da tsiro. A ƙasar Maradi, tun wajen 1983, manoma suka koma barin 'yan rassa masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna yi musu aski har su zama itace. Aka raɗa wa abin suna "sassabin zamani". Kun ji yadda ake ƙirƙirar kalma! Daga kalmar da mai fartanya ya sani ta fito, shi ya sa ta zauna daram. Ana ƙiyasin wajen hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, kuma gawo na cikin manyan itatuwan da suka dawo.

Wata Hajiya daga Damazin ta tambaya ko haraz shi ne gawo.

Shi ne, Hajiya. Na tuna wani gawo a gonar mahaifina. Da damina ta kankama sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, hatsi ya samu rana. Da rani kuwa, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, awaki su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Geron gindinsa kullum ya fi na sauran gona tsayi da kaurin zangarniya. Tsohona bai taɓa yarda a sa masa gatari ba. Don Allah ki riƙa ce masa gawo a gaban jikokinki.

Wani daga Kasala: "Gayyar noma da 'ramuwar gayya' kalma ɗaya ce?"

A'a. Rubutu ne ya haɗa su, karin sauti ya raba su. Ta farko ita ce taruwa a taya mutum aikin gona, abin da Larabawan Sudan ke ce wa nafir.

Wani manomi daga Jazira ya ce: "Shail muke cewa. Yana da suna da Hausa?"

Ɗan'uwa, a ƙasar Katsina na ji ana ce masa "falle". Manomi ya shiga tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, sai ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da sharaɗin zai biya da hatsi ranar girbi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Da kaka a auna wa ɗan kasuwa buhuna, in bazara ta yi manomi ya dawo ya sayi hatsin nasa da tsada. Masu cewa wannan "taimako" ne suna ɓata kalmar taimako. Kuma ku mutanen Jazira kun fi kowa sanin zafin rashin riƙe ƙasa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, hannun Hausawa bai fita daga audugar nan ba, amma da yawa har yau a kambo suke zaune, wato zangon leburorin gona, suna noma hawashar wani, wato gonar da aka yanka masa, a raba amfani. Duk maganar gyaran ƙasa da za a yi, wanda bai da tabbacin gonar za ta kai baɗi a hannunsa ba zai dasa itace a cikinta ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malamar makaranta a Singa: "Me ake nufi da 'kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada'?"

Ana faɗa wa wanda ya yi abin da ya yi kama da wauta, wato wataƙila yana da dalilin da ba mu gani ba. Wani lokacin kuma gatse ne. Kada a ce "toka ke araha", na ji wasu na juya shi haka, ma'anar ta rushe. Amma malama, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023 nauyin karin maganar nan nake ji. Rumbunan da suka ƙone ba masu su ne suka ƙona ba. Ko ma'ajiyar iri ta ƙasa da ke Wad Madani ba ta tsira daga wawaso ba. Ki sa ɗalibanki su tambayi iyayensu mata sunan kowane irin dawa, wake da riɗi da aka ɓoye a tulu ko a matmura, wato ramin ajiyar hatsi, su rubuta su aiko mini.