Tambaya da Amsa: Farantin Sola Mai Aiki da Rini

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Na ji cewa akwai farantin sola da ake haɗawa da rini da farin garin titaniyam dayoksaid maimakon silikon, har wasu na gwada shi da zoɓo. Ta yaya masana ke sanin abin da ke gudana a cikinsa alhali ido ba ya gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Abin da ka ji gaskiya ne. Brian O'Regan da Michael Grätzel ne suka bayyana wannan fasaha a mujallar Nature a shekarar 1991, daga birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, kuma farantinsu na farko ya mayar da kusan kashi 7 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki.

Shi titaniyam dayoksaid, wanda shi ne ke sa fenti ya yi fari, ba ya shan hasken da muke gani, sai na ultarabayolet kawai, wanda ido ba ya gani. Don haka ake toya ƙwayoyinsa, waɗanda girman kowace bai wuce nanomita 20 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a kan gilashi da zafin kusan digiri 450, su manne da juna su zama kamar soso mai ƙofofi da yawa, sannan a jiƙa su da rini, galibi mai ɗauke da ƙarfen ruteniyam. Rinin ne ke shan haske ya tura ilektiron, wato ɗan ƙanƙanin abin da gudanarsa ke zama wutar lantarki, cikin ƙwayoyin, shi kuma ruwan ayodin da ke cikin farantin ya mayar wa rinin abin da ya rasa.

Amsar tambayarka tana cikin nazarin bakan haske, wanda masana ke kira sifektiroskofi. Dabarar da ta fi muhimmanci a nan ita ce a haska farantin da walƙiyar hasken leza mai ɗaukar ɗan gajeren lokaci ƙwarai, sannan a aika walƙiya ta biyu jim kaɗan bayan ta farko don a ga irin hasken da rinin ke sha a wannan lokaci, domin rinin da ya rabu da ilektiron ɗinsa yana shan launi dabam da wanda bai rabu ba. Da wannan hanya ce James Durrant da abokan aikinsa na kwalejin Imperial da ke Landan suka nuna a 1996 cewa ilektiron na shiga titaniyam cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Ayodin kuwa na gyara rinin cikin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, yayin da komawar ilektiron baya zuwa rinin, wadda ita ce asara, kan ɗauki lokaci mafi tsawo. A ganina wannan bambancin saurin shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya, domin da komawar ta riga gyaran, da ba a sami wutar kirki ba.

Akwai kuma nazarin Raman, wata dabarar haske da ke tantance wane ne cikin nau'o'in tsarin titaniyam dayoksaid ƙwayoyin suke da shi, anatas, wanda aka fi so, ko rutail, da nazarin hasken infrared, wanda shi ma ido ba ya gani, mai nuna yadda rinin ya kama jikin ƙwayoyin.

Game da zoɓo, jan launinsa yana manne wa titaniyam, kuma an gwada shi, haka ma lalle, a jami'o'in Najeriya da wasu ƙasashe. Sai dai da wuya sakamakon ya kai kashi 2 cikin 100, kuma launin na kodewa da wuri a rana, alhali a 2014 rinin da aka haɗa a ɗakin bincike a Lozan ya kai kashi 13. Idan za ka yi aikin kammala karatunka a kai, ka fara da auna hasken da rinin ke sha kafin ya hau titaniyam da kuma bayan ya hau.